Waƙar Gagararrun Lambobi

Da wani ne tsofaffin ɗalibansa suka ce za su karrama shi, da sai ya ba da babbar rigarsa a kai wa mai guga, ya zauna ya jira ranar. Ban da Babanmu. Malam Abdulƙadir, wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya yana koyar da lissafi a sakandare a nan Wudil, ana kawo masa labarin walimar sai ya aiko a kira ni maza-maza. Na bar girki a kan wuta, na hau adaidaita zuwa Sabon Gari babu ɓata lokaci, don tun da idonsa ya soma rauni ba na son kiran gaggawa. Na same shi garau a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, yana ɓarar gyaɗar da aka kawo masa daga gonarsa ta Achika.

Na durƙusa. “Baba ina wuni? Ya ƙarfin jiki? Ya idon?”

“Lafiya lau, Auta. Ya maigidan naki? Ya yaran? Madalla. Waƙa nake so ki rubuta min.”

Ikon Allah! Wai waƙa. Ni Khaulat sunana, shi kaɗai yake ce min Auta, kuma Hausa nake koyarwa a makarantar 'yanmata. Ina ɗan taɓa rubutacciyar waƙa, har ana rera wasu a taron makaranta. Amma tsakanina da lissafi kuwa ko ga maciji ba ma yi, kuma shi ma ya sani. Duk da haka raina ya ɗan yi sanyi, na ce ai yabon uba ba zai gagare ni ba.

Ya ce, “Wa ya ce miki yabo nake so? Masu yabo za su cika ɗakin. Hujja za ki mayar min waƙa.”

“Hujjar me, Baba?”

Ya ture kwanon gyaɗar gefe. Muryarsa ta sauka, yadda ban saba jinta ba. “Auta, na yaye likitoci, na yaye injiniyoyi, na yaye dillalan shanu. Wasu sun ci jarrabawa, wasu sun faɗi. Amma dukkansu shan lissafi suka yi kamar maganin zazzaɓi, a toshe hanci a haɗiye. Ban taɓa ganin wanda abin ya yi wa kyau ba. Yanzu ga shi allo ya gagare ni, ko abin da na rubuta ba na gani. Taron nan shi ne ajina na ƙarshe. So nake mutum ɗaya, ɗaya tak, ya fita daga ɗakin nan ya ga abin da nake gani. Alli ya kasa, na ce bari in gwada naku na mawaƙa, tun da mutanenmu abin da aka rera musu shi suke riƙewa.”

To, me zan ce? Tausayi ya kama ni, na amsa. Da na san abin da na ɗauko wa kaina, da wallahi na ce a ba ni lokaci in yi shawara.

Nan take ya ɗebo gyaɗa shida ya zuba a tabarma, ya ce in kasa su kamar mai sayar da tumatir. Na kasa bibbiyu, suka kasu. Na kasa uku-uku, suka kasu. Ya ƙara ɗaya suka zama bakwai. Na yi bibbiyu, ɗaya ta yi saura. Na yi uku-uku, ɗaya ta yi saura. Duk yadda na juya ba su kasu daidai ba, sai dai ɗai-ɗai, ko a bar su kashi guda.

“Kin ga irin waɗannan,” in ji shi, “su nake kira gagararru. Biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku. Duk wata lamba da ta kasu, in kika bi ta, da su aka gina ta. Kuma kina yin nisa a ƙirga suna ƙara wuyar samu. To tambayar ita ce: akwai inda suke ƙarewa?”

Na ce, “Allah ne masani.”

“Allah ne masani, kuma ya ba mu hankalin da za mu sani. Ba sa ƙarewa. Ba wanda ya taɓa zuwa ƙarshen ƙirga, ba wanda zai je, amma daga kan tabarmar nan za mu tabbatar.”

Sai ya shiga bayani. Wai mu ɗauka sun ƙare. A kawo su duka, a ninka wannan da wannan da wannan har a gama, sannan a ƙara ɗaya a kan abin da ya fito. Sabuwar lambar nan, duk wadda ka ɗauko a cikinsu ka raba ta da ita, ɗaya za ta yi saura. Ke nan akwai wata gagararra da ba ta cikin waɗanda aka ce su ke nan. Da ya kai nan sai ya tafa hannu ya koma ya jingina da bango yana murmushi, sai ka ce wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Ni kuwa tunanin miyata nake, ko ta ƙone ko ba ta ƙone ba.

Daga ranar na shiga uku. Kullum in na tashi daga makaranta sai na biya Sabon Gari da abin da na rubuta, in karanta masa, shi kuma ya rufe ido yana saurare kamar alƙali. Farkon waƙar, da sunan Allah da salati, bai ce komai ba. Baitin gyaɗa ma ya wuce lafiya:

*Kasa shida, za ta kasu,*
*Bibbiyu ko uku a jere.*
*Kasa bakwai ka sha mamaki,*
*Ɗaya na nan a ware.*

Ya ce, “Ba laifi.” A bakin Baba, ba laifi lambar yabo ce. Daga nan ne fa aka soma. In na sa kalma don amsa-amo ya zauna, ya ce na yi wa lissafi ƙarya. In na sa tasa, ɗangon ya yi tsawo ya karye a baki. Na rubuta “jimla”, ya ce jimla ta tarawa ce, shi ninkawa ya ce. Na rubuta “lambobi dubu”, don daɗin faɗa kawai, ya ce wa ya ƙirga min su? Na ce Baba azanci ne, haka ake yi a waƙa. Ya ce azancin da zai sa a ce dubu alhali ba dubu ba ne, a kai kasuwa. Haba! Ni da nake koya wa 'yan aji shida waƙa, aka mayar da ni 'yar aji ɗaya.

Babban faɗan a kan baiti guda muka yi shi. Na ga waƙar ta yi tsawo, sai na taƙaita na ce sabuwar lambar nan ita ma gagararra ce, shi ke nan, magana ta ƙare. Baba ya buɗe ido ya zauna sosai.

“Wa ya gaya miki? Ninka biyu da uku da biyar da bakwai da sha ɗaya da sha uku, ki ƙara ɗaya. Dubu talatin da talatin da ɗaya. Hamsin da tara tana raba ta tsaf. Ita ba gagararra ba ce, amma ta ɓoye wasu a cikinta, waɗanda ba sa cikin shidan da kika fara da su. Ko dai ita ce, ko tana ɗauke da wata. Dole ki faɗi duka biyun.”

“Baba, wa zai lura? Mutanen da shinkafa za su zo ci?”

“Ni zan lura.”

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na tattara takarduna. Ya ce, “Zauna, Auta. In ɗalibarki ta kawo miki baiti mai karyayyen kari ta ce ba wanda zai lura, kya yarda?” Na ajiye takardun, na koma na zauna. Ya ce, “Daɗin nan da kike ji in baiti ya faɗi daidai, ba ragi ba ƙari, har ki ji tsigar jikinki ta tashi, to shi nake ji. Wannan hujjar ta fi shekara dubu biyu ana faɗarta, ba a sami kalmar da za a cire ba.” Na koma gida ina gunaguni, ina wanke-wanke ina ninka lambobi, maigidana Jamil yana tambaya ko lafiya. Da ƙyar na haifo baitocin biyu:

*Kun ce sun ƙare? Ku kawo,*
*Mu ninka su duk a tare.*
*Abin da ya fito a ƙara ɗaya,*
*A raba, ɗaya na ware.*

*Ko dai ita ma gagararra ce,*
*Ko wata na ciki a tsare,*
*Wadda ba ta cikin naku,*
*To ina zancen sun ƙare?*

Ya sa na maimaita, ya gyaɗa kai, bai ce ko ba laifi ba. Na ga dai yana shafa gemu.

Saura amshi, abin da jama'a za su riƙa maimaitawa bayan kowane baiti. Nan na kawo dabarar da na ji ba wanda ya kai ni. Tun da hujjar da “mu ɗauka sun ƙare” take farawa, sai na ce bari jama'a su zama masu musu. Su riƙa amsawa da:

*Gagararru sun ƙare,*
*Mun ƙirga su, sun ƙare.*

Mai rerawa kuma yana warware musu baiti bayan baiti, har ya kai su bango. A ƙarshe sai amshin ya juye ya koma “Gagararru ba sa ƙarewa, har abada ba sa ƙarewa.” Baba ya ce shi dai bai so a sa wa mutane ƙarya a baki ba. Na ce, “Baba, lissafi naka ne, waƙa tawa ce. A nan dai ka bar ni.” Ya bar ni.

Wanda zai rera, ƙungiyar ɗaliban ce ta kawo shi. Mudassir sunansa, shi ma tsohon ɗalibin Baba ne, yanzu mawaƙin biki ne mai fiyano da manyan lasifika. Murya kam Allah ya ba shi. Na zaunar da shi na ja masa kunne: kada ya tsallake baiti, kada ya ƙara komai, kuma ya kula da inda amshi zai juye. Ya dafa ƙirji ya ce, “Anti, kada ki damu, an gama. Ai Malam ubanmu ne.” Tun daga yadda yake kaɗa ƙafa yana maimaita “sun ƙare, sun ƙare” ya kamata in sha jinin jikina.

Ranar Asabar da hantsi ɗakin taron makarantar ya cika maƙil. Aka zaunar da Baba a gaba cikin farar babbar riga, ni ina gefen mata a layin farko inda nake ganin fuskarsa. Aka buɗe da addu'a, aka shiga jawabai. Wannan ya tashi ya ce Malam ya taɓa zane shi, aka yi dariya. Wancan ya ce har yau in ya ga alli gabansa faɗuwa yake, aka yi tafi. Wani likita ya ce shi dai bai san amfanin abin da aka koya musu ba, amma albarkar Malam ce ta kai shi inda yake. Baba yana ta murmushin haƙuri, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa. Waƙarsa yake jira. Kujerar uban taro kuwa, Alhaji Halliru, babban dillalin shanu a kasuwar kara, tana nan wayam, wai yana hanya.

Aka kira Mudassir. Ya saki fiyano, ya koya wa jama'a amshi sau biyu, suka cafe kamar da ma sun san shi. Baitin gyaɗa ya wuce, aka yi shewa. Na ga wasu a cikin mazan suna ƙirgawa da yatsu, shida, bakwai, suna duban juna. Wallahi har na fara jin daɗi. Baba ya miƙe zaune, ya karkato da kunne. Mudassir ya ɗaga murya:

“*Kun ce sun ƙare? Ku kawo, mu ninka su…*”

Sai ga Alhaji Halliru a bakin ƙofa, da jama'arsa a baya.

Duk wanda ya san mawaƙanmu ya san abin da ya biyo baya. Babban mutum ba ya shigowa mawaƙi ya yi kamar bai gan shi ba. Mudassir ya saki baitin a tsakiya kamar ya taɓa garwashi, ya juya. “Alhaji Halliru ya iso! Na Malam, uban tafiya, mai shanu ba adadi! Maƙiyanka fa?” Jama'a kuwa da ma amshi yana bakinsu, suka ɗauka gaba ɗaya: “Sun ƙare! Mun ƙirga su, sun ƙare!” Ɗaki ya ruɗe. Alhaji yana tafe yana ɗaga hannu, ana ta gaisawa, Mudassir yana bin mutanensa ɗaya bayan ɗaya da kirari, kowa da nasa. Ina ta yi masa alama da hannu, ina nuna masa takarda, ko kallo ban ishe shi ba. Da ya ga dama ya dawo kan waƙa, sai ya duba ya ga lokaci ya tafi, ya tsallake baitocin nan biyu da na sha wuya a kansu, ya dira a na ƙarshe.

Ya dai yi ƙoƙarin juya amshin, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya rera “ba sa ƙarewa” har sau biyu. Ina! Wa ya taɓa canja wa mutanenmu amshi a tsakiyar waƙa? Abin da aka ba su da farko shi ne nasu. Suka danne shi da “sun ƙare”, da tafi, da buga tebur, har shi ma ya sallama ya bi su. Ni da nake koyar da wannan abin a aji, ni ce na manta da shi. Kafin a ce haka an shigo da kulolin shinkafa, ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Na dubi Baba. Ya koma ya jingina da kujera, hannuwansa a kan cinya, ba sa motsi. Mutane suna zuwa suna durƙusawa, “Malam, waƙa ta yi! Allah ya ƙara girma!” yana cewa amin, amin. Alhaji Halliru ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce ai yau ya fahimci lissafi, ashe lambobin ma ƙarewa suke. Baba ya ce, “Allah ya yi albarka.” Don kunya da takaici, ko loma ɗaya ban iya kaiwa baki ba.

Ana yin azahar ya ce in kai shi gida. Aka yi aka yi a kai shi a mota, ya ce a bar shi. Na tare adaidaita a bakin makarantar, na taimaka masa ya hau. Muka kama hanya. Na rasa ta inda zan fara ba shi haƙuri, don amshin nawa ne, ni na dage. Sai kawai na ji direban, wanda ashe tun ɗazu yana bakin ƙofa yana jin lasifika, yana kaɗa kai yana rerawa ƙasa-ƙasa: “Gagararru sun ƙare, mun ƙirga su, sun ƙare.”

Nan fa abin ya fashe.

“Malam, don Allah rufe mana baki! Su wa suka ƙare? Kai ka ƙirga su? A ina?”

Ya waigo a tsorace. “Hajiya, waƙa ce fa na ji…”

“Waƙar ƙarya! Dubi gabanka, ka saurara. Ka ce sun ƙare ko? To kawo su. Nawa ne? Ɗari? Miliyan? Kawo su duka, ban hana ka ba. Ninka su gaba ɗaya. Ka ninka? To ƙara ɗaya. Ɗaya tak! Yanzu raba da biyu, ɗaya ta yi saura. Raba da uku, ɗaya ta yi saura. Ɗauko ta ƙarshen taka da kake taƙama da ita, raba, ɗayan nan tana nan daram, ba inda za ta! To wa zai raba ta? Ko dai ita kanta gagararra ce, ko akwai wata a cikinta da ba ka san da ita ba. Ko ta ina ka bi an kama ka. Ka sa sabuwar a cikin naka ka sake cewa sun ƙare, in sake ninkawa in ƙara ɗaya, wata ta fito. Har a tashi duniya! Ba ka je can ba, ban je ba, ba mai zuwa, amma ga shi muna cikin adaidaitarka mun san abin da yake can, da ƙwayar gyaɗa ɗaya! Abu kamar wannan, mai kyau kamar wannan, a ce mutum ɗari biyu sun taru sun binne shi da kirarin shanu?”

Na ji hawaye yana zubo min, na haushi ne ko na mene ne ban sani ba. Direban ya ce, “Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya. Ni dai kiɗan ne ya yi min daɗi.” Ya ƙara wuta, da alama so yake ya rabu da mu.

Na ja mayafi ina goge fuska. Sai na ji hannun Baba a kan nawa.

“Auta, sake faɗa.”

“Baba, don girman Allah ka bar ni. In kuskure na yi, a bari sai gobe a gyara.”

“Ba ki yi kuskure ba.” Na juya na dube shi. Idanun nan da ba sa gani sosai sun cika taf da hawaye. “Ba gyara zan yi ba. Ban taɓa jin ta a bakin wani da zafi haka ba. So nake in ƙara ji.”

Kai jama'a! Duk likitocin nan da injiniyoyin da suka cika ɗaki, a rasa wanda abin zai kama sai ni, ni da na tsani lissafi tun ina 'yar firamare. Muka iso ƙofar gida, direba ya tsaya yana jira mu sauka, Baba bai motsa ba, bai kuma saki hannuna ba. Na share hanci, na gyara murya, na ce, “To. Mu ɗauka sun ƙare.”